Matan da Takardar Dakta Ta Ce Sun Gudu

Assalamu alaikum, masu biye da ni. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta rubuto cewa in ba iskokai ba, babu abin da zai sa mace ta taɓa aikin mijin da za ta aura saura wata biyu biki. 'Yar'uwa, na gode da addu'a, amma lafiyata ƙalau. Ku gyara zama in ba ku yadda aka yi, in ya so sai ku yanke min hukunci.

Ga wadda yau ta fara karantawa, sunana Muhsina. Ma'aikaciyar lafiya ce ni a wani ƙaramin asibiti nan cikin Gumel. Shekarata ashirin da bakwai, wadda a lissafin Goggona ta kusa arba'in. Wanda zan aura kuwa Dakta Zaharaddini ne, likitan ciwon daji a wani asibitin koyarwa can birni, amma ɗan garinmu ne, gidansu na bayan kasuwar hatsi. An sa rana, an kawo lefe akwati shida, har tela ya auna ni.

Goggo yayar Baba ce, kuma ita ce shugabar masu son Dakta a gidanmu. Shekara uku da suka wuce ƙullutu ya fito mata a mama, shi ya tsaya a kanta har ta tashi. A wurin jinyarta ma muka haɗu da shi. Goggo ba ta taɓa shiga aji ba, amma tambaye ta takardun bincike nawa Dakta ya wallafa, za ta ce miki sittin da huɗu ba tare da ta yi numfashi ba. Duk baƙuwar da ta shigo gidanmu sai ta sha wannan karatu.

“Turawa ma in za su yi magana a kan ciwon nan sai sun ce in ji Zaharaddini,” haka take cewa tana gyara ɗaurin kallabi. “Ke dai Muhsina kin tsinci dami.”

Ba ƙarya take yi ba. A duniyarsu ta likitocin jami'a, ana auna mutum ne da yawan abin da ya rubuta a mujallun bincike, da kuma yawan waɗanda suka kafa hujja da shi. A cikin sittin da huɗun nan akwai ɗaya da ta fi sauran tashe, an kafa hujja da ita sama da sau ɗari uku. Ya bi mata ɗari biyu masu sankarar mama daga Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ya ce ɗari da arba'in da uku daga cikinsu sun zo asibiti sau ɗaya ko biyu, daga nan suka watsar da magani suka ɓace. Da ita ake koyar da ɗalibai. Da ita aka gayyace shi taro har ƙasashen waje. Da ita kuma yake neman kujerar farfesa a bana.

Ni kuma ina son sa, kada wata ta ce ban faɗa ba. Mutum ne mai natsuwa, in yana magana sai ki ji kamar yana tsoron kada kalma ta faɗi ta fashe. Ranar da ya miƙo min jerin sunayen matan nan ya ce, “Ke kin san ƙauyukan, ki taimaka min mu gano me ya sa suke gudu, mu yi takarda ta biyu,” daɗi ne ya kusa kashe ni. Na ɗauka a matsayin ya yarda da kaina, ba fuskata kawai ba.

Ranar Asabar ta farko na saka doguwar rigar atamfa mai ruwan ƙasa da hijabi mara nauyi, na zuba ruwa a gora, na hau mota zuwa Sule Tankarkar, daga nan na ɗauki ɗan acaɓa zuwa wani ƙauye. Suna na farko a takardata Safinatu Hussaini. Na tambayi mai shago, ya ce bai san ta ba. Na tambayi mata a bakin rijiya, suka dubi juna. Gida huɗu na shiga ina sallama, rana tana dukan tsakar kaina, kowa sai ya ce babu mai wannan suna a garin. Har na zaro biro zan rubuta ba a same ta ba, sai wata tsohuwa da ke tsince wake a faifai ta ce, “Tsaya 'yar nan. Mai ciwon nono kike nema?”

Na ce, “Ita, Iya.”

“To ai sai ki ce Amarya ta gidan Dogo.”

Jama'a, Amaryar nan shekararta ashirin da biyu a gidan, tana da jika. Na same ta zaune a kan tabarma a inuwar darbejiya, ta rame, ta lulluɓe kafaɗarta ta hagu da tsohon zane. Tun kafin in zauna hancina ya gaya min inda ciwon ya kai. Da na ce daga wurin likitan birni nake, sai ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki. Sai ga ta da kwanon samira, ta buɗe, ta fito da katin asibiti a naɗe cikin leda biyu, fes da shi kamar jiya aka ba ta.

Ta ce, “An kira mu ke nan?”

Na ce, “Wane kira?”

“Ai cewa suka yi layi ya yi tsawo, mu koma gida, in lokacin ƙarin ruwan ya zo za a bugo wa maigida. Damina biyu ke nan ina jira.”

Na sa aka kira min maigidan, Hussaini, wanda kowa ke ce wa Dogo, dillalin awaki ne a kasuwar Maigatari. Ya zo ya tsaya daga bakin zaure yana sosa ƙeya. Na tambaye shi ko an taɓa bugo masa daga asibiti.

“Asibiti? A'a.” Sannan ya ce, “Sai dai wani ƙato da ya taɓa kirana ranar kasuwa, ina tsakiyar mutane, ko sallamar kirki babu, wai in ba shi wance.” Ko a lokacin bai iya faɗin sunan ba. “Malama, sunan mahaifiyata ne da ita. Tunda aka kawo ta gidan nan babu wanda ya taɓa kiran sunan, ni ma sau ɗaya na faɗe shi, ranar yankar kati, shi ma a kunnen mai rubutu. Sai wani namiji ya bugo min yana kwaɗa shi gatsal? Na ce masa babu mai wannan suna a nan. Ya sake kira na kashe.”

“Bai ce daga asibiti yake ba?”

“Da ya ce, wallahi da a kafaɗa zan kai ta.”

A kan babur ɗin komawa na yi kukana cikin hijabi, ɗan acaɓa yana ta ba ni labarin tsadar mai.

Sati shida na yi ina wannan yawo, duk Asabar da Lahadi. Na daina tambaya da sunan kati, sai in shiga wurin ungozoma ko mai kitso in ce wace ce ta taɓa zuwa birni da ciwon mama. Cikin gida hamsin da ɗaya da na je, mata tara ne kawai suka bar magani da ransu. Sauran fa? Wata lambar mai cajin waya aka rubuta mata, shi kuma ya tashi ya koma Legas. Wata a Maigatari layin Nijar mijinta ke riƙewa, daga nan ba ya shiga. Da ta gaji da jira sai ya tsallaka da ita wurin lokotoro, wato likitan can, a Damagaram, ga ta nan garau tana sayar da ƙuli. Wata a Gagarawa kowa Uwar Sabi'u yake ce mata, surukarta ce ta ɗauki wayar ta ce ba ta san wata Zulaiha ba. Goma sha huɗu kuma na tarar sun rasu. A gida uku aka fito min da katinsu a cikin leda.

Ɗaliban da Dakta ya sa su yi kiran duk maza ne 'yan birni. Ƙa'idarsu, in an buga sau uku ba a samu mai sunan ba, sai a rubuta ta watsar da magani a rufe fayil. Babu wanda ya yi da mugunta. Amma duniya ta karanta cewa matanmu gudu suke yi, alhali suna zaune a gindin bishiya suna jiran waya.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya zo zance. Inna ta sa na share ɗakin baƙi na turara shi, na saka leshi ruwan zuma da mayafi mai duwatsu, na jera masa zoɓo da dambun nama a tire. Ya shigo cikin farar shadda da hula zanna, ƙamshinsa ya riga shi. Na tsuguna na gaishe shi.

“Ranki ya daɗe, mai binciken ƙauye,” ya ce yana murmushi. “Kin yi baƙi.”

“Rana ce, Dakta.”

“To me suka ce? Bokaye ne ko tsoron wuƙa?”

Na miƙa masa littafin da na rubuta duk abin da na gano gida-gida. Ya fara karantawa da murmushinsa, shafi na biyu murmushin ya tafi, shafi na huɗu ya cire tabarau ya ajiye a gwiwa. Zoɓon ya ɗumama bai taɓa ba.

“Wa ya ga wannan?”

“Kai kaɗai.”

“Muhsina, an bi ƙa'ida. Kira uku, haka ake yi ko'ina.”

“Ba ko'ina ake auren mace mai sunan uwar miji a daina kiran sunanta ba, Dakta. Kai ɗan Gumel ne. Me ake kiran Hajiyarku a gida?”

Ya kawar da kai, domin shi ma bai taɓa faɗin sunan mahaifiyarsa a gabana ba.

Can ya ce, “Na ji. Kuskure ne, kuma nawa ne. Amma ki saurare ni. Takarduna na neman farfesa suna hannun masu tantancewa, nan da wata uku za a gama. Fayil ɗin da aka rufe ba ya buɗuwa sai da sa hannun shugaban sashe, shi kuma sunansa yana kan takardar nan tare da nawa. In na kai masa fayil talatin yau in ce ga waɗanda muka ce sun gudu, kin san abin da zai biyo baya? Ki ba ni wata uku. Bayan biki mu zauna mu rubuta sabuwa, mu gyara komai, sunanki a farko.”

Zan gaya muku gaskiya tunda na yi alkawari. Da ya ce sunanki a farko, sai da zuciyata ta motsa. Ni Muhsina mai difloma, sunana a mujallar da farfesoshi ke karantawa? Na yi daƙiƙa biyar ina ganinsa a rubuce. Har yanzu ina jin kunyar daƙiƙa biyar ɗin nan.

Na ce, “Amarya ba ta da wata uku.”

“Ki kawo ta ita kaɗai, in duba ta a gefe.”

“Sauran fa? Su kuma sai ka zama farfesa?”

Fuskarsa ta canja. Tunda na san shi ban taɓa ganin ransa ya ɓaci da ni ba sai ranar. Ya miƙe ya ɗauki makullin mota ya ce, “Shekara goma sha biyar na yi ina gina sunan nan, ba barci ba hutu. Ki yi tunani.” Littafin kuwa ya bar min shi a kan kujera.

Ashe Goggo tana bayan labule tana gyaran tsintsiya, wai. Ko mayafi ban cire ba aka ce Baba na kira. Na tarar da shi a kan darduma da carbi, Inna a rakuɓe, Goggo a tsaye hannu a ƙugu.

“Shehu, ka ji 'yarka,” ta ce wa Baba. “Mutumin da Allah ya sa ya zama sanadin tashina, shi za ta tona wa asiri. Ke wa ya aike ki? Cewa ya yi ki tambayo, bai ce ki zo ki koya masa aiki ba!”

“Goggo, ki yi haƙuri, ba tona asiri ba ne. Mutane ne ke mutuwa.”

“Kwanansu ne ya ƙare.”

“Ke lambar wa aka rubuta miki a kati?”

Ta ce, “Taki mana.”

“To da ta mai caji aka rubuta fa?”

Sai ta koma inda ta fi ƙarfi, ta fashe da kuka, wai ta ga ranar da za a mayar da akwati shida a idon unguwa, wai sa'o'ina suna da 'ya'ya uku-uku ni ina yawo a kan babur kamar mai tallan magani. Inna ta ce a hankali, “Muhsina, wata uku kamar yau ne. Ki shiga ɗakinki tukuna, magana ta fi daɗi daga ciki.” Baba bai ɗago ba sai da kowa ya gama. Ya ce, “Ni na ba da ke, kuma ba na magana biyu. Kada ki jawo abin da zai sa in kasa haɗa ido da mutanen nan a masallaci.” Bai ce kada in yi ba, bai ce in yi ba. Da wannan ɗan tsakanin na kwana.

Washegari saƙonsa ya shigo ina wanke-wanke.

“Ki yafe min fushin jiya. Ina nan a kan bakana, wata uku.”

Na goge hannu a zane na rubuta, “Ranar Litinin kana ganin marasa lafiya?”

“Eh. Me ya faru?”

“Babu komai. Allah ya kai mu.”

Ya turo alamar tambaya har uku, ban amsa ba. Asabar da Lahadin nan wayata ba ta huta ba. Wannan karon na san yadda ake kira. In namiji ya ɗauka sai in yi sallama, in tambayi iyali da gona da kasuwa, in ce ni ce malamar asibiti da ta zo kwanaki, sannan in ce a shirya mai ɗakin. Babu wanda ya kashe min waya. Dogo da kansa ya nemo mana bas wurin wani abokinsa direba, Cindo, mai jigilar 'yan kasuwa tsakanin Maigatari da birni.

Litinin bayan sallar asuba na saka farin kayan aikina, na ɗora hijabi ruwan toka. Inna tana hura wuta ta bi ni da ido. Na ce mata na tafi birni. Ba ta tambaye ni wurin wa ba, ta dai ƙulla min ƙosai a leda ta ce, “Ki ci wani abu a hanya.” A tasha na tarar da su, mata goma sha ɗaya, kowace da mai rakiya, kowace da katinta. Amarya muka ba kujerar gaba saboda kafaɗarta. Tafiyar awa uku babu mai hira sosai, sai Uwar Sabi'u da take ta tambayata ko za a yi musu faɗa don sun makara.

Na ce, “Babu mai yi muku faɗa. Ba ku kuka makara ba.”

Ƙarfe goma saura muka isa. Na jera su a benci a ƙofar ɗakin ganin likita, na tattara katunan a hannuna. Mai ɗauko fayil ya duba lamba ta farko a kwamfuta ya ce wannan an rufe. Ta biyu ma haka. A ta biyar ya ɗago ya dube ni ya ce, “Malama, daga ina?” Na ce daga Gumel, kuma Dakta Zaharaddini muke jira.

Ba mu daɗe ba sai ga su sun fito daga zagayen ɗakin marasa lafiya. Shi ne a gaba cikin farar riga, ɗalibai takwas a bayansa da littattafai, a gefensa kuma wani dattijo mai furfura da kowa ke matsa wa hanya. Ban taɓa ganinsa ba, amma na san shugaban sashen ne. Wallahi ban shirya haka ba, ban san ranar Litinin tare suke zagaye ba. Zaharaddini ya gan ni ya tsaya cak, ya dubi bencin, ya dubi katunan da ke hannuna.

Dattijon ya ce, “Waɗannan fa? Sababbi ne?”

Ni dai na rantse a raina ba zan ce uffan ba, na kawo su, sauran nasa ne. Sai Amarya ta gyara zanen kafaɗarta ta ce, “Ranka ya daɗe, mu ne aka ce mu je gida za a kira mu.”

“Yaushe?”

“Damina biyu.”

Dattijon ya juya. “Dakta, marasa lafiyarka ne?”

Ɗaliban suka zuba masa ido. A raina ina cewa ya Allah kada ka sa in ji ƙarya daga bakin mutumin nan, domin in na ji, ko Baba zai yanka ni ba zan shiga gidansa ba. Ya tako ya miƙo hannu, na zuba masa katunan. Bai dube ni ba.

“Nawa ne, Farfesa,” ya ce. “Suna cikin ɗari da arba'in da ukun nan. Ina neman sa hannunka a buɗe fayilolinsu yau, kuma akwai maganar da zan gaya maka a kan takardarmu.”

Dattijon ya dube shi ya ce, “Biyo ni ofis.” Suka wuce, ƙofa ta rufe.

Kafin azahar aka fara kiran matan ɗaya bayan ɗaya. Amarya aka ba gado nan take. Shi kuwa ban sake ganinsa ba, wani ƙaramin likita ne ya duba su. Ina zaune a gefen gadonta wayata ta yi ƙara. Kira bakwai na Goggo da ban ɗauka ba, sai saƙo ɗaya daga gare shi.

“Na gaya wa Farfesa komai. Na janye takarduna daga tantancewa. Gobe Kawu Sajo zai je wurin Baba.”

Kawu Sajo shi ne waliyyinsa, shi ya zo neman aurena, shi ya karɓi rana. Na karanta saƙon sau huɗu ina neman kalma ɗaya da za ta nuna min zuwan na mene ne, na fasa aure ko na tabbatar da shi, ban samu ba. Na fara rubuta tambaya na goge.

“Malama, riƙe min hannunta,” in ji nas ɗin da ta zo sa wa Amarya ƙarin ruwa, “jijiyar tana gudu.”

Na kife wayar a cinyata, na kama hannun Amarya da hannu biyu.